Bashin Mai Hoton Kyanwa

Shekara biyu da gama diflomata a fannin kasuwanci, abin da nake sayarwa a duniya shi ne maganin feshi da takin zamani a shagon yayana a Kaura Namoda, kuma ko su ba nawa ba ne. Yayana ba ya barina in yi ciniki. Aikina in zauna a kan benci, in mai saye ya zo in ce masa mai shago ya je masallaci, yanzu zai dawo. Mutumin da aka koya wa juya jari, aka ba shi takarda har da hatimi, shi aka mayar mai gadin buhu. Haushin wannan ne ya jefa ni cikin wasan.

Wasa ne na waya, ana yin sa da data. Kowa yana da ɗan garinsa da gona da tumaki da rumbu, sannan akwai babbar kasuwa guda wadda 'yan wasa daga ko'ina a duniya suke shiga, a sayi katako da ƙarfe da gashin tumaki da kuɗin wasan, wanda suke kira zinariya. Yawancin mutane yaƙi ne ya kawo su. Ni kuwa ban taɓa harba kibiya ko ɗaya ba. Kasuwar nake shiga in zuba ido, har na gano abin da duk ɗan gidan manoma zai gano: ashe wasan nan ma yana da kakarsa. Ran Litinin kowa yake yi wa tumakinsa aski, gashi ya cika kasuwa, farashi ya faɗi warwas. Ran Asabar mayaƙa suke neman rigunan sanyi, sai gashi ya yi tsada kamar gero a tsakiyar damina. In ka saya Litinin ka ɓoye, ka fitar Asabar, ka ninka kuɗinka. Mutanen duniya suna can suna sara da suka, ba wanda ya lura sai ni da ke zaune a kan bencin yayana.

Abu ɗaya ya rage mini, jari. Wasan yana jera wa kowane ɗan kasuwa taurari a gefen sunansa gwargwadon cinikin da ya taɓa yi, ni kuwa gefen nawa sunan wayam yake. Ba ni da abin da zan ba da jingina, don tumakina uku ne, kuma ɗaya ma kyautar shiga wasa ce. Sai na yanke shawarar in nemi rance a wajen 'yan wasa.

Na fara yadda aka koya mini a gida. Ba ka faɗa wa mutum da maganar rance kai tsaye, sai ka gaishe shi. Sai in zaɓi mai taurari da yawa, in rubuta masa da Turancina na makaranta: ina kwana, ya aiki, ya iyali, ya ruwa, ya gajiya. Yawancinsu kafin in kai ga gajiya sun toshe ni. Wani ya tambaye ni ko ni na'ura ce. Wani ya yi haƙuri har na kai ga bukatata, ya ce me zan ajiye masa, na ce maganata, ya cika mini fuskar waya da hotunan dariya. Akwai wanda ya yarda zai ba ni amma da ruwa a kai. Na ce masa ni Musulmi ne, ba na cin riba, ba na bayar da ita. Ya ce to shi me zai samu? Na ce lada. Shi ma ya toshe ni.

Da na ga gaisuwa ba ta ci ba, sai na koma faɗa musu asalina. Na rubuta a babban zauren hirar wasan cewa ni ɗan gidan mutunci ne, mahaifina manomi ne sananne, kawuna kuma dillalin hatsi ne a kasuwar Shinkafi, duk mai shakka ya je ya tambaya. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Amma a lokacin raina ne ya ɓaci ƙwarai, ina ganin waɗannan mutane ba su da tarbiyya.

Wata Alhamis yayana ya aike ni Shinkafi in kai wa wani mai shago jarkokin magani. Da na sauke sai na biya rumfar Kawu, wan mahaifiyata. Shekara arba'in ya yi yana tsaye tsakanin mai gero da mai saye, kuma duk abin da yake ci a kasuwa da bakinsa yake cinsa. In ya ce ya tsaya wa mutum, za a loda wa baƙo mota guda ta dawa ya tafi da ita Kudu, ba takarda ba shaida, kuɗi kuma su dawo. Na tarar da shi a kan buhuna yana ɓare goro.

"Kai, mi as same ka kaɗ ɗaure huska haka?" in ji shi.

Na so in ce ba komai, amma abin ya daɗe yana cina, sai na kwashe duka na faɗa masa. Ya saurara bai katse ni ba.

"Ka gaya musu ko kai ɗan wa na?"

"Na gaya musu, Kawu."

"Ka ambaci sunana?"

"Na ambata."

"To mi sunka ce?"

"Sun ce ba su san ka ba."

Ban taɓa ganin fuskar Kawu ta canza haka ba. Ya ajiye goron a kan buhu. "Ba su san ni ba? Wace irin kasuwa ta wagga?"

Nan na ga abin zai yi nisa, na fara ja da baya. Na ce, "Kawu, kuɗɗin nan hwa ba na gaske ba na, na wasa na. Ko ƙwayar gero ba su saye."

"Shi mai su, tsintar su yay yi?"

"A'a, sai mutum ya yi sati da sati shina latsa waya kahin ya tara."

"To guminai na. Kunna abin ɗaukar hoton nan."

Ya aika gida aka kawo masa babbar riga. Ya gyara zaman hularsa, ya hau buhu mafi tsawo, ya kama wuyan hannuna ya ɗaga sama yadda yake yi in zai tsaya wa baƙo, wani dillali maƙwabcinsa ya riƙe wayar. Ya ce: "Ku mutanen cikin waya, salamu alaikum. Wanga yaro ɗan ƙanwata na. Duk wanda ya ba shi rance, ni nit tsaya mai. In bai biya ba, a taho Shinkahi ran Alhamis, a tambayi rumhwar 'yan hatsi, za a ishe ni." Da aka gama ya sa aka nuna masa sau biyu, ya ce ya yi.

Akwai wani gurup da 'yan wasan suke taruwa, inda ake iya saka bidiyo. Can na saka shi, na rubuta fassarar a ƙasa. Wallahi ban yi zaton komai ba, na yi ne don kar Kawu ya tambaye ni in ce ban saka ba. Gurup kuwa ya kaure da dariya. Kafin magariba wani ya yanko hoton Kawu yana ɗage da hannuna ya mayar da shi sitika.

Ran Lahadi ina zaune a shago sai ga saƙo. Sunan mai saƙon tarkacen haruffa ne da lambobi, hotonsa kuma kyanwa ce sanye da tabarau. Ya ce zai ba ni zinariya dubu ashirin, ba ruwa a kai, in biya cikin kwana bakwai. Ya ƙara da cewa ba don ni ya yi ba, don tsohon ne. Ban gama karantawa ba kuɗin suka shigo. Na yi ihu har yayana ya leƙo daga bayan buhunan taki ya ce ko kunama ce.

Na kira Kawu na faɗa masa. Bai yi mamaki ko kaɗan ba. Cewa ya yi, "Wanga ɗan kasuwa na. Ƙaƙa sunanai?" Na ce ba ya karantuwa, sai dai hoton kyanwa. Ya ce, "To, mai mussa. Ka riƙe wa'adi." Daga ranar sunan mutumin ke nan a bakin Kawu.

Litinin na zuba kuɗin duka a gashin tumaki, rumbuna ya cika taf. Talata da Laraba da Alhamis ina tafiya a Kaura kamar wani Alhaji, har na fara yi wa yayana gyara a kan yadda yake jera kaya. Ran Juma'a muka wayi gari babu sabis. Na kashe waya na kunna, na cire layi na goge shi a riga na mayar. Sai can da hantsi labari ya bazu cewa gwamnati ce ta sa aka kashe layukan waya gaba ɗaya saboda matsalar 'yan bindiga, kuma ba wanda ya san ranar da za a maido. Gobe Asabar, ranar da zan fitar da kaya. Jibi wa'adi.

Gaskiya ni da farko har wani sauƙi na ji. Na ce ai wannan ba laifina ba ne, kuma duk duniya wa zai biyo ni Kaura a kan gashin tumakin da babu su? Na manta da cewa a 'yan kwanakin nan aka rufe kasuwannin mako, wato Kawu, dillalin da ya shekara arba'in bai zauna gida ran aiki ba yanzu ba shi da abin yi sai tunani. Ran Lahadi da safe na ga mota ta tsaya a ƙofar shago, Kawu ya fito da 'yar jakarsa da buta.

"Yau na wa'adin mai mussa," ya ce, ko gaisuwata bai gama amsawa ba.

Na ce, "Kawu, ai babu sabis."

"Shi ya san babu sabis?"

Na girgiza kai.

"To abin da yas sani, wani tsoho ya ɗaga hannunka ya ce ya tsaya. Tashi."

Kwana huɗu muka yi muna neman sabis a Kaura. Na hau rufin shago, na hau tankin ruwan unguwa, na hau wani dogon gini da ba a gama ba, Kawu yana ƙasa yana yi mini kwatance da sanda wai in ƙara matsawa gabas. Ya kwana a ɗakina, ni na koma tabarma. Da asuba in na buɗe ido sai in gan shi zaune yana kallon wayar a kan caji. Mahaifiyata ta roƙe shi ya bar zancen, ya ce mata ita ba ta san kasuwa ba. Na ji haushinsa sosai a kwanakin nan, na kuma ji tsoronsa.

A tasha ya samo labarin cewa akwai wani tsauni a ƙasar Zurmi, can wajen iyaka, inda sabis ɗin Nijar yake faɗowa. Na ce masa hanyar nan ba ta da kyau yanzu, mutane don dole kawai suke binta. Ya ce mu ma dole ce ta kai mu.

Mun isa da hantsi, muka tarar tsaunin ya zama kasuwa. Mai fura tana nan, mai ƙosai tana nan, wani mutumin tsallaken iyaka ya kafa laima yana ba da hayar layin Nijar. A can ƙololuwa, inda sabis ɗin yake, dutsen bai ɗaukar fiye da mutum biyar, sauran kuma suna jere a layi har ƙasa. Kowa da abin da ya kawo shi. Wani matarsa ta haihu yana so ya sanar da surukansa, wata tsohuwa sati biyu ba ta ji muryar ɗanta da ke aikatau a Kudu ba. Kawu ya dubi tsawon layin, ya gyara murya.

"Jama'a, ku yi muna haƙuri. Bashi munka zo biya, wa'adi ya wuce."

Sai layi ya dare. Mai jaririn ya matsa gefe. Tsohuwar nan ta ce, "Ku shige, Alhaji, bashi nauyi garai." Na wuce ta gabanta kaina a sunkuye, ina addu'ar kar wani ya tambayi ko bashin mene ne.

Muka hau, na sa layin haya, sabis ya kawo sanda ɗaya. Na buɗe wasan. Sai ya rubuto mini cewa ba zai buɗu ba sai an sabunta shi. Na duba girman abin da zai sauke, na ga ya fi ƙarfin wannan ɗan sabis ɗin. Wani da ke kusa ya ce in an ɗaga waya sama ta fi ja, sai Kawu ya ari gora a wajen mai laima, muka ɗaure wayar a kai da igiyar buta. Shi ya riƙe, wai ni hannuna rawa yake. Matsalar ita ce in tana sama ba ma ganin inda ta kai, in muka sauke don mu duba sai ta tsaya. Haka muka wuni, tsoho mai shekara saba'in yana tsaye a kan dutse da gora a sama, mutane suna ta kewaye shi suna ihu cikin wayoyinsu. La'asar ta yi saura kaɗan ta gama, direban da ya kawo mu ya ce shi fa ba zai ƙara minti ɗaya a wurin nan ba. Muka sauko muka kwana a Zurmi, gidan wani Bafulatani abokin cinikin Kawu, wanda aka gaya wa cewa harkar kuɗi ce ta ƙasar waje.

Washegari muka koma tsaunin, muka sake ɗaga gorar, wasan ya buɗu. Na fara shiga kasuwa, sai na ga abin da sabuntawar ta kawo: an shigo da auduga. Mayaƙa duk sun koma rigar auduga, gashin tumaki ko kallonsa ba a yi. Kayan da na zuba wa dubu ashirin, in na sayar duka ba za su kawo dubu uku ba. Ban gama shanye wannan ba na ga saƙo uku daga mai kyanwa. Na farko ranar wa'adi, ya ce yau ce. Na biyu washegari, alamar tambaya ce kawai. Na uku bayan kwana uku, ya ce shi ya ɗauka tsohon nan na gaske ne. A ƙasa kuma wasan ya rubuta cewa wannan ɗan wasa ya toshe ni, ba zan iya aika masa saƙo ko kuɗi ba.

"Mi yac ce?" in ji Kawu.

Na ce, "Ya ce ba komai, ya yahe."

Kawu ya dube ni. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana karanta fuskar masu cewa wallahi haka suka sayo, shi zan yi wa ƙarya? Ya ce, "Karanta mani abin da yar rubuta."

Na karanta masa, na fassara, ban rage komai ba. Sannan ya kwance igiyar daga gorar, ya mayar wa mai laima kayansa, ya yi masa godiya, muka sauko. Muka hau mota har Kaura. Sai da zan sauka ya ce, "Ka tara mai kuɗɗinai."

Da sabis ya dawo na tara. Wata huɗu ya ɗauke ni, har yaƙi na shiga, ni da ban taɓa harba kibiya ba, aka yi ta kashe ni ina tashi. Duk Alhamis bayan an tashi kasuwa Kawu zai kira ya tambayi nawa suka kai. Ranar da suka cika ya ce alhamdu lillahi, a aika. Amma ta ina? Na buɗe sabon suna na rubuta wa mai kyanwa doguwar wasiƙa, na yi masa bayanin sabis da tsauni da gora. Ba a karanta ba. Wasan ya nuna ya daɗe rabonsa da shigowa.

Na koma gurup ɗin nan in yi cigiyarsa. Ba wanda ya san shi. Amma Kawu kowa ya san shi yanzu. Mai kyanwa ya ba da labari kafin ya ɓace, kuma sitikar nan ta sami aiki: duk sanda wani sabon shiga ya zo neman rance, sai a jefa masa hoton Kawu da babbar rigarsa yana ɗage da hannuna, wato ga wani ɗan damfara ya zo. Na yi musu bayani, na roƙe su, na zage su. Amsar da suka ba ni sitikar ce, ɗaya bayan ɗaya. Wannan kam ban taɓa faɗa wa Kawu ba, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk lamarin.

Na taɓa kawo masa shawarar mu ƙiyasta kuɗin mu yi sadaka da su a madadin mutumin, tunda an rasa shi. Ya ce wannan sai in an fid da rai da mai kaya. "Wanga kau shina nan da rainai wani wuri, shina ganina maƙaryaci. Ka aje mai abinai." Na ajiye. Ban ƙara sayen ko tsinke a kasuwar wasan ba, kawai nakan shiga lokaci-lokaci don kar a rufe sunana kuɗin su bi ruwa.

Bayan shekara biyu Kawu ya rasu, ciwon kwana uku. Da aka shirya shi aka fito da makara ƙofar gida, jama'a sun yi sahu har bakin titi, dillalai da direbobi da Fulani da mutanen Badarawa da Galadi. Kafin a yi salla liman ya tambaya, kamar yadda aka saba, ko ana bin mamaci bashi. Babban ɗan Kawu ya fito da wata takarda da aka samu a aljihun rigarsa, rubutun ajami da hannunsa. Ya ce duk abin da ke ciki an soke shi da layi sai guda. Ya karanta da ƙarfi: "Zinariyar wasan waya, dubu ashirin, ta mai mussa. Na tsaya, ba a biya ba."

Wasu samari a sahun baya suka toshe baki. Liman bai yi dariya ba. Ya ce, "Wa ya san da wanga bashi?"

Na fito daga sahu. Na ce, "Ni na, Malam. Ni nic ci bashin, shi tsaya mani yay yi."

"Ina mai bashin yake?"

"Ban sani ba."

"Sunanai hwa?"

"Ban sani ba."

"Namiji na ko mace?"

"Ban sani ba, Malam."

Sannan ya ce, "To ka ɗauke mai shi? Ya hita wuyanai, ya koma naka?"

Na ce, "Na ɗauka."

Liman ya ce jama'a su shaida. Sannan ya juya ya fuskanci makara, ya ɗaga hannu ya yi kabbara.